Wutar da Muke Roƙo Ba Ta San Danga Ba

Karatu: Luka 9:51-56

 Na yi niyyar in kama bakina, amma maganar da aka yi ranar Lahadi bayan sujada a gindin darbejiya ta hana ni sukuni, ga shi kuma na ga ta fara yawo a wayoyi. Gara in faɗi tawa tun ba a yi ɓarin da ba ya kwasuwa ba.

Ga waɗanda ba sa wurin, ga abin da ya faru. Akwai wani saurayi da ya tashi a cikinmu, ɗan ikkilisiya, tare muka haddace ayoyi a makarantar Lahadi. Ya fita karatu, yau ya ce ya daina ba da gaskiya. Labarin da ya iso mana shi ne, mutanen nan da suke kiran kansu 'yan Humanist suna shirin taronsu na ƙasa, shi kuma yana cikin masu aikin sa kai: tarbo baƙi daga tasha, nema musu masauki, jera kujeru, raba abinci, share ɗakin taro idan an watse. Ba biyansa ake yi ba, kuɗin motarsa ma daga aljihunsa ya fito. Ba zan faɗi sunansa ba, ko ƙauyensu, ko makarantar da ya yi, ko garin da za a yi taron. Wanda ya sani ya sani, roƙona kuwa shi ne ya bar saninsa a cikinsa.

Da labarin ya faɗo, wani ɗan'uwa ya ce a sa azumin kwana uku, a roƙi Allah ya saukar da wuta ya tarwatsa taron. Wata 'yar'uwa ta ce a sa hotonsa da sunansa a Facebook domin duniya ta san shi. Sai na uku, wanda maganarsa ce ta sa na zauna rubutu, ya ce ba sai mun wahalar da kanmu ba, a dai tsegunta wa maƙwabta, ai su sun san yadda ake yi da irinsa. Aka yi dariya. Ni ma ban ce uffan ba a lokacin, kuma wannan shirun nawa zunubi ne da na riga na kai gaban Ubangiji.

Kafin wani ya ce na fara karkata, bari in faɗi inda nake tsaye. Ban yarda da koyarwar mutanen nan ba ko kaɗan. Abin da suke cewa shi ne ɗan Adam ya ishi kansa: hankali da kimiyya sun isa su nuna masa daidai da kuskure, ba ya bukatar Mahalicci, babu tashin matattu, rai guda ne kuma a kabari yake ƙarewa. Ni na san zuciyata, na san ba ta ishe ni ba. In da hankali kaɗai yana gyara mutum, da ba a sami mai cin dukiyar marayu a cikin masu digiri ba. Kuma har yau ban ji abin da wannan koyarwa za ta faɗa wa uwar da ke tsaye a bakin kabarin ɗanta ba. Saboda haka ba ra'ayinsu nake karewa ba. Ina magana ne a kan abin da mu muke shirin aikatawa da sunan Almasihu.

Su kuma ba jiya suka fara ba. Leo Igwe, mutumin kudu maso gabas wanda ya tashi a Katolika har ya yi shekaru a makarantar horon firistoci, shi ya kafa ƙungiyarsu a 1996. Sun yi taro a Ibadan a 2001, sun yi a Abuja a 2011, kuma sai a 2017 aka yi wa Humanist Association of Nigeria rajista. In ka dubi hotunan tarukansu, mutanen da ke zaune ba su kai matan da ke cika taron Zumuntar Mata na gunduma guda ba. Shekara kusan talatin ke nan suna taruwa, ikkilisiyar Allah ba ta girgiza ba. Mu ne muka firgita da kujeru.

Ɗan'uwa mai son wuta, ka sake buɗe karatunmu na yau. Yesu ya nufi Urushalima, ya aika mutane gaba su shirya masa masauki a wani ƙauyen Samariyawa, mutanen ƙauyen suka ƙi karɓarsa. Ka lura, ba fasto suka ƙi ba, ba mai bishara ba, Ubangiji da kansa suka rufe wa ƙofa. Yakubu da Yohanna suka nemi izini su kira wuta daga sama ta cinye su. Kuma ba su rasa hujja ba, domin annabi Iliya ya taɓa yin haka a 2 Sarakuna sura ta 1. Amma Yesu ya juya ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye. Samariyawan da suka ƙi shi bai ce musu komai ba, almajiransa ne suka sha faɗa.

Ka juya shafi ɗaya kawai. A sura ta 10, da aka tambaye shi wane ne maƙwabci, wa ya ɗauko ya sa a tsakiyar misalinsa? Basamariye, mutumin da Yahudawa suke ganin addininsa gurɓatacce ne. Firist ya ratse, Balawe ya ratse, shi ne ya sauko daga dabbarsa ya ɗaure raunuka ya biya kuɗin masauki. Sa'an nan ka je Ayyukan Manzanni sura ta 8. Da Samariya ta karɓi bishara, manzanni suka aika mutum biyu su yi wa sababbin masu bi addu'a, Bitrus da Yohanna. Yohannan nan dai da ya nemi wuta. A hanyarsu ta komawa suka yi ta wa'azi a ƙauyukan Samariyawa da yawa. Da an amsa masa roƙonsa na farko, toka zai ɗora wa hannu?

Yanzu ga mai cewa a sa hoto, da mai cewa a tsegunta. Ina so ku san abin da kuke wasa da shi, domin a Jihar Kano muke.

Mubarak Bala ɗan Kano ne, injiniya, kuma a lokacin da aka kama shi, shi ne shugaban wannan ƙungiya ta 'yan Humanist. Ranar 28 ga Afrilu 2020 'yan sanda suka kama shi a Kaduna suka kawo shi Kano, saboda rubuce-rubucen da ya yi a Facebook waɗanda suka ɓata wa Musulmi rai. Ya yi watanni lauyansa bai gan shi ba. A Disambar wannan shekara Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce a sake shi, ba a sake shi ba. Ranar 5 ga Afrilu 2022 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke masa shekara 24, bayan ya amsa laifi. Sai a Mayun 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage hukuncin zuwa shekara biyar, daga baya ya fito, bayan ya yi fiye da shekara huɗu a tsare. Ban goyi bayan kalamansa ba. Ba a koya mana zagin abin da wani yake girmamawa ba, kuma shi ma bai ƙyale addininmu ba. Amma na tuna sarai ranar da aka yanke hukuncin nan, wasu cikinmu suka ce Allah ya ƙara, maganin mara addini ke nan.

Kwana 37 bayan wannan Allah-ya-ƙara, ranar 12 ga Mayu 2022, aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, saboda saƙon murya a WhatsApp. Kwana takwas bayan haka aka kama Rhoda Jatau, ma'aikaciyar lafiya Kirista a Warji ta Jihar Bauchi, domin ta tura bidiyon da ke la'antar kisan. Ta yi fiye da shekara ɗaya da rabi a tsare kafin a ba da belinta a Disambar 2023, sai a Disambar 2024 kotu ta wanke ta. Mun yi mata azumi, mun yi mata addu'ar dare, kuma daidai ne. To ku saurara: cikin dokokin da aka tuhume ta da su akwai sashe na 114 da na 210 na dokar Penal Code, wato tayar da hankalin jama'a da wulaƙanta addini. Waɗannan sassa biyu su ne aka tuhumi Mubarak Bala da su a Kano. Igiya ɗaya ce. Da ta ɗaure shi muka yi tafi, da ta ɗaure ta muka yi kuka. Leo Igwe kuwa, wanda ba ya gaskata da Allahn Deborah, yana cikin waɗanda suka yi rubutu suna la'antar kisanta.

Ba sai na kai ku Sakkwato ko Bauchi ba ma. A nan ƙasar Rogo, a Gidan Maso, a watan Afrilun 2015, an cinna wa majami'ar Baptist da gidan fasto wuta, 'yar faston ta rasa ranta. Me ya jawo? Ana neman wani saurayi ne da ya musulunta sa'an nan ya komo ga Almasihu. Wato rigimar a kan abu ɗaya ce: shin mutum yana da ikon ya bar addinin da yake ciki? A lokacin mu ne muka ɗaga tsarin mulkin 1999 muna karanta sashe na 38, wanda ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin addini har da 'yancin sauya shi. Sashen nan bai ce sai wanda ya sauya zuwa wajenmu ba. Sashe na 40 kuma, wanda ya ba mutane ikon taruwa cikin lumana, shi ne inuwar da muke fakewa a ciki duk lokacin da muka kafa rumfar taron farkawa. In muka taya aka sare wannan itace domin 'yan Humanist sun zauna a gindinsa, rana za ta fara dukan wa? Su 'yan tsiraru ne a birane, da yawansu suna da hanyar ficewa. Mu muna nan Turawa da gonakinmu da kaburburan iyayenmu. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu kananzir muka ɗebo.

Kuma iyayenmu da kakanninmu su wane ne? Yawancinmu jikokin waɗanda suka bar tsafin gidansu ne suka bi Yesu, aka yi musu dariya, aka hana wasu gado, aka hana wasu mata. Duk wanda ke zaune a kan bencin majami'armu, wani ne a gidansu ya taɓa cewa ba zan ƙara bin abin da ubana yake bi ba. Ba mu ne za mu koya wa duniya cewa mai barin addinin gidansu ya cancanci duka ba.

Maganar "a tsegunta wa maƙwabta" tana da wani muni kuma. Cin mutuncin maƙwabtanmu Musulmi ce. Mutanen da muke cin kasuwa ɗaya da su, muke kamun kifi tare a dam ɗin Challawa, suke zuwa mana gaisuwar mutuwa muna zuwa musu suna, ka mai da su kamar abin da ake sakin wa mutum. Yawancinsu ba su nemi wannan aiki ba. Amma a kowane gari akwai 'yan zafin kai, kuma hoto in ya shiga waya ba ya tambayar hannun wa zai faɗa. In wani abu ya sami yaron nan, kada wanda ya tura hoton ya ce ai ni ban taɓa shi ba. Dauda bai zare takobi a kan Uriya ba, wasiƙa kawai ya rubuta, Ammonawa ne suka kashe shi a bakin daga. Da annabi Natan ya zo, a wuyan Dauda ya rataya jinin. Shawulu ma bai jefi Istifanus ba, riguna ya tsare, amma shekaru bayan haka yana lissafa wannan tsaron riguna cikin laifofinsa.

Akwai kuma abin da ba ma so a faɗa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A watan Yulin 2009 'yan Humanist suka shirya taro a Kalaba a kan yaran da ake yi wa ƙazafin maita, ana dukansu, ana korarsu daga gida, ana ƙona wasu. Mutane fiye da ɗari daga majami'ar Liberty Gospel ta Helen Ukpabio suka kutsa cikin ɗakin taron suna waƙoƙi, suka doki Leo Igwe, suka fasa masa tabarau, suka ƙwace jakarsa. An ɗauki abin a bidiyo, duniya ta gani. Ka tsaya ka duba hoton nan da kyau: a gefe ɗaya ga wanda ya ce babu Allah yana kare yara, a ɗaya gefen ga masu kiran sunan Yesu suna dukansa. Wace huɗuba ce za ta goge wannan daga idon saurayi mai tunani? A 2020 mutumin ya sake kafa wata ƙungiya don kare waɗanda ake zargi da maita. Kada mu ce wannan matsalar kudu ce. Mu ma mun san tsofaffin matan da aka daina cin tuwonsu, aka daina zama kusa da su a sujada, domin wani ya yi mafarki ko yaro ya yi zazzaɓi. Su wa suka je suka zauna da su?

Ranar Lahadi wani ya karanta mana ayar farko ta Zabura 14, wadda ta kira mai musun Allah wawa, aka ce amin da ƙarfi. Gaskiya ce, maganar Allah ce. Amma mai karatun ya rufe littafin da wuri. Ayoyin da ke biye sun ce Ubangiji ya duba 'yan Adam duka bai sami mai aikata nagarta ba ko ɗaya, kuma wannan wurin ne Bulus ya ɗauko a Romawa sura ta 3 domin ya rufe bakin masu addini da marasa addini gaba ɗaya. Zaburar da muka ɗauka sanda, madubi ce.

Sai kuma kujerun, waɗanda su ne suka fi ci mini rai. Yaron nan yana aikin da aka koya masa a cikinmu. A ina ya koyi tarbar baƙo, da ɗaukar jakar dattijo, da tsayawa har a kwashe shara? A wajen iyayenmu mata ya gani. Yanzu ya kai wannan hannu inda ba a ambaton sunan Yesu, kyauta, da murna. Mu fa? Ku tuna taron matasanmu na bara. Sau nawa shugaba ya yi sanarwa a zo a ɗauko bencina? Mutum nawa suka zo? Wasu sai da suka tambaya ko akwai kuɗin mai, wasu suka iso bayan an gama komai da sabon ɗinki suna neman layin gaba. Mata masu jikoki ne suka ɗebo ruwa, su suka yi girki, su suka wanke tukwane har dare, mu muna gefe muna gwada makirufo. Kowa yana son ya jagoranci waƙa, ba mai son tsintsiya. Mu da muke da Ubangijin da ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, mu da ikkilisiyarmu ta fari ta zaɓi mutum bakwai cike da Ruhu Mai Tsarki domin rabon abinci kawai, a ce wanda ba ya sa ran lada a sama ya fi mu saurin ɗaukar kujera. Abin da ya kamata ya sa mu azumi ke nan.

Na san abin da za a ce: to mu zuba ido su janye mana yara? A'a. Amma ku gaya mini yaro nawa aka taɓa dawo da shi ta hanyar tona masa asiri. Bulus ya shiga Atina ya ga gari cike da gumaka, ransa ya ɓaci ƙwarai, amma bai nemi a rufe wurin taron masanansu ba. Ya je can ya tsaya a tsakiyarsu, ya san abin da mawaƙansu suka rubuta, ya yi muhawara da su har ya kai ga tashin matattu. Wasu suka yi masa ba'a, wasu suka ce sai wani jiƙon, kaɗan suka ba da gaskiya. Bitrus ma ya umarce mu mu zauna a shirye mu ba da dalilin begenmu ga duk mai tambaya, kuma ya haɗa da sharaɗin tawali'u da ladabi. Mu nawa ne za mu iya zama awa guda da ɗan Humanist, ya tambaye mu me ya sa Allah mai ƙauna yake barin jariri ya mutu, ko ta yaya muka san Littafi Mai Tsarki abin dogara ne, mu amsa ba tare da mun daka masa tsawa ba?

Na tuna yaron nan ya taɓa yin irin wannan tambaya a nazarin Littafi Mai Tsarki, shekarun baya. Amsar da ya samu ita ce Shaiɗan ne yake magana ta bakinsa. Ina wurin, na ga yadda ya sunkuyar da kai. Bai ƙara tambaya ba, mu kuma muka ɗauka ya gamsu. Toma ya gaya wa almajirai ƙiri-ƙiri cewa bai yarda Yesu ya tashi ba, amma bayan kwana takwas yana nan cikin ɗaki tare da su. Ba wanda ya kore shi, shi ya sa da Ubangiji ya sake bayyana ya same shi a wurin. Ina roƙon Baba Fasto da dattawan ikkilisiya, cikin ladabi, a ware mana lokaci ko sau ɗaya a wata da matashi zai kawo kowace irin tambaya ba tare da an kai ƙararsa gida ba. In ba mu da amsa a ranar, mu ce za mu bincika, mu kuma bincika.

Azumin kwana ukun, ina goyon baya, a yi shi. Amma a sauya abin roƙon. A roƙa masa tsari a hanya, a roƙa wa mahaifiyarsa ƙarfin zuciya, domin tun da maganar ta fito ba ta iya ɗaga kai a cikin mata, kuma ban ga wanda ya je gaishe ta ba. A roƙa Ubangiji ya neme shi kamar yadda ya nemi kowannenmu. Wanda hoton yake cikin wayarsa ya goge shi yau, wanda ya riga ya tura wa wani ya kira shi ya ce ya goge.

Na kira shi shekaranjiya. Ya daɗe bai ɗauka ba, da ya ɗauka kuma abin da ya fara tambaya shi ne ko aiko ni aka yi. Na ce a'a. Muka yi hirar damina da farashin taki, ya tambayi mutane da sunayensu, har da ɗan'uwan da ya ce a tsegunta. Ban yi masa wa'azi ba a wannan karon, na dai ce in ya zo gida ya biyo ta wajena, ya ce zai duba.

Ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma za a gyara majami'a a kuma ɗauko bencina don taron matasa na gunduma. Ana bukatar masu ɗebo ruwa da masu kafa rumfa, babu kuɗin mai, kowa ya zo da tsintsiyarsa.